Mayafin yaro marar lafiya

Yara, a cikinku akwai wanda ya taɓa kwana a asibiti? Wanda ya taɓa kwana ya san tsawon daren asibiti. Gadon ba naka ba ne. Ɗakin yana warin magani. Ga allura, ga baƙin fuskoki. Can wajen asuba kuma sai sanyi ya sauko. A wannan lokaci yaro yana bukatar magani, yana bukatar uwarsa kusa da shi, yana kuma bukatar mayafi.

A ƙasashe da yawa akwai mutanen da suke saƙa mayafai da hannunsu, su kai wa yaran da ke kwance a asibiti kyauta. Ba wanda yake biyan su. Ana kiran su ƴan sa-kai. A wannan darasi za mu ga amfanin aikinsu, mu kuma koyi yin sa. Za mu fara da ziyartar ƴan'uwanmu Hausawan ƙasar Sudan. A wurinsu auduga tana da yawa, yara marasa lafiya kuma suna cikin bukata ƙwarai.

1. Hausawan bakin kogin Nilu

Ku ɗauko taswirar Afirka. Ku sa yatsa a kan Nijar. Ku yi gabas, ku ƙetare Cadi. To, kun iso Sudan. A nan za ku ga manyan koguna biyu. Farin Nilu yana fitowa daga kudu. Shuɗin Nilu yana gangarowa daga duwatsun Habasha. Suna haɗuwa a Kartum, babban birnin ƙasar. Filin da ke tsakaninsu ana kiran sa Jazira, wato tsibiri da Larabci.

Yaya aka yi Hausawa suka zauna a can? Tun zamanin da, masu niyyar aikin hajji suna bi ta Sudan, wasu a ƙafa, wasu a kan jaki ko raƙumi. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Wasu sukan tsaya neman guzuri, su yi gona, su yi aure, har su zauna.

A shekara ta 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya tare da jama'a mai yawa, Hausawa da Fulani. Wajen shekara ta 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kusa da garin Sinnar. Garin da suka kafa, har yau sunansa Mai Wurno.

A shekara ta 1925 aka gama gina madatsar ruwa a Sinnar. Aka haƙa magudanai, ruwa ya shiga filin Jazira, aka yi ta noman auduga. Hausawa da yawa suka sami aiki a waɗannan gonaki, suna noma, suna cirar auduga. Wasunsu suka zauna a ƙananan ƙauyukan ƴan ƙwadago da ke gefen gonakin. Mutanen Sudan suna kiran irin wannan ƙauye kambo. Da yawa daga cikin ƙauyukan ba su da gidan likita. Idan ciwon yaro ya yi tsanani, sai an ɗauke shi zuwa Sinnar, ko zuwa Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, inda aka gina babban asibitin yara.

A watan Afirilu na shekara ta 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum. Dubban mutane suka gudu zuwa Wad Madani. A watan Disamba na wannan shekara yaƙin ya iso Wad Madani, mutane suka sake gudu, asibitoci da yawa suka daina aiki. Kafin ƙarshen shekara ta 2024, yaƙin ya raba mutane fiye da miliyan 10 da gidajensu. Mai gudun yaƙi ba ya tsayawa ɗaukar kaya. Yara da yawa sun kwana a azuzuwan makarantu, ko a fili, babu tabarma, babu mayafi.

2. Wane aiki mayafi yake yi?

Wani zai ce: «Ai Sudan ƙasar zafi ce, mene ne amfanin mayafi?» Gaskiya ne, da bazara zafi yakan wuce digiri 40 a Wad Madani. Amma su ma suna da hunturu kamar mu. A watan Janairu iska mai sanyi tana busowa daga arewa, da dare kuma ma'auni yakan sauka zuwa wajen digiri 14.

Zafin jikin mutum mai lafiya yana tsakanin digiri 36 da rabi da digiri 37 da rabi. Jiki ne yake samar da wannan zafi daga abincin da muke ci. Mayafi ba ya da wuta a cikinsa. Aikinsa shi ne ya tsare ɗumin jiki, kada ya fice. Tsakanin zaren mayafi akwai ƴan ƙananan ramuka cike da iska. Wannan iska ita ce take hana ɗumi gudu.

Akwai yara iri biyu da sanyi yake saurin kamawa, har ya kai su ga halaka.

Na farko shi ne jariri sabon haihuwa, musamman bakwaini, da wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba. Fatarsa ba ta da kauri, jikinsa ba ya da kitse sosai, kansa kuma babba ne, ɗumi yana fita ta nan da sauri. Shi ya sa unguwarzoma take goge jariri da zarar an haife shi, ta sa masa hula, ta lulluɓe shi.

Na biyu shi ne yaro mai tamowa. Jikinsa ya rame, ba ya samun abincin da zai ba shi ɗumi. Ko da manya suna jin daɗin iska, shi yana iya yin sanyi ƙalau. Saboda haka ma'aikatan jinya suke lulluɓe irin waɗannan yara, su kuma ba su madara ta musamman har cikin dare.

Ga jariri, babu ɗumin da ya kai na ƙirjin uwa. A shekara ta 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya ga bakwaini sun yi yawa a asibitinsu, kwalaben ɗumama jarirai kuma ba su isa ba. Sai ya sa uwaye su riƙa ɗora jariransu a ƙirji, fata da fata, su ɗaure da zane. Jariran suka sami ɗumi, suka sha nono. Yanzu ana koya wa uwaye wannan dabara a asibitocin ƙasashe da yawa. Goyo ne, amma na gaba. Idan an ɗora jaririn, sai a rufe shi da uwarsa da mayafi guda.

3. Mayafi yana kwantar da hankali

Kun lura da ƙannenku? Akwai yaron da ba ya barci sai ya riƙe gefen zanen uwarsa. Akwai wanda yake yawo da wani tsohon ƙyalle, in an karɓe sai kuka. Wani likitan yara na ƙasar Ingila, Donald Winnicott, ya yi rubutu a kan wannan hali a shekara ta 1953. Ya nuna cewa yaro yana riƙe irin wannan abu ne don yana tuna masa da uwarsa, yana rage masa tsoro.

A asibiti kome baƙo ne. Zanen gado na asibiti ne, kwano na asibiti ne. Idan aka ba yaro mayafi mai launi, aka ce masa: «Wannan naka ne, da shi za ka koma gida», sai ya sami abin da zai runguma lokacin allura. Uwarsa ma sai ta ji sanyi a ranta. Ta san akwai wanda bai san ta ba, amma ya zauna ya yi wa ɗanta aiki.

4. Ƴan sa-kai a ƙasashe uku

A Amurka. A watan Disamba na shekara ta 1995, wata mata mai suna Karen Loucks, a birnin Denver, ta karanta labarin wata ƙaramar yarinya mai ciwon daji. Yarinyar ba ta rabuwa da mayafinta duk lokacin da ake yi mata magani. Matar ta ga cewa ita ba likita ba ce, amma ta iya saƙa. Ta fara saƙa mayafai tana kaiwa cibiyar yara masu ciwon daji ta garinsu. Wasu suka bi sahunta. Suka kafa ƙungiya mai suna Project Linus. Linus wani yaro ne na cikin labarin zane, wanda kullum yake jan mayafinsa a hannu. Ƙungiyar ta bazu a duk faɗin Amurka, ta kai har Ingila. Ta raba wa yara miliyoyin mayafai.

A Afirka ta Kudu. Can ana sanyi ƙwarai a watannin Yuni da Yuli. A shekara ta 2008 aka kafa wata ƙungiya mai suna Knit-a-square don marayu da yaran talakawa. Dabararsu mai sauƙi ce. Ba a ce mutum ya saƙa mayafi duka ba. Ya saƙa ɗan falle ɗaya kawai, mai kusurwa huɗu, santimita 20 tsawo, santimita 20 faɗi. Mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna aiko da fallayen ta gidan waya zuwa Johannesburg. A can sai a harhaɗa falle 35, su zama mayafi guda.

A Sudan. A Kartum akwai asibitin yara mai suna Ja'afar Ibn Auf. A shekara ta 2012 wasu samari da ƴan mata suka fara zama a titin da ke gabansa. Idan uwa ta fito da takardar magani, ba ta da kuɗin saye, sai su nemo mata taimako. Idan yaro yana bukatar jini, sai su nemo mai bayarwa. Aka riƙa kiran su da sunan titin, Shari'ul Hawadis, wato titin sashen gaggawa. A shekara ta 2015 suka tara kuɗi, suka gyara ɗakin kula da yara masu ciwo mai tsanani a wani asibitin yara na Umdurman. Ranar buɗewa, wata mata mai sayar da shayi a bakin titin, wadda suka saba zama wurinta, ita suka ba almakashi ta yanke ƙyallen buɗewa. Da yaƙi ya zo a 2023, matasan unguwanni suka kafa ƙungiyoyin agajin gaggawa. Suna dafa abinci a manyan tukwane, suna kai marasa lafiya wurin likita.

Mutanen Sudan suna da suna ga irin wannan aiki na taruwa a taimaki wani. Suna ce masa nafir. Mu kuma muna ce masa gayya. A ƙauyukan Jazira, maƙwabta sukan taru su yi wa mutum girbi ko gini, kamar yadda ake yi a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mayafin falle 35 ma gayya ce.

5. Sana'ar kakanninmu

Yin mayafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan masaƙun inji, mata suna gurje auduga, wadda wasu suke kira kaɗa, su fitar da angurya. Su shiɓe ta, ta yi laushi. Su kaɗa ta da mazari, ta zama zare. Zare mai kauri shi ne abawa. Masaƙa su saƙa dogayen ƙwarya marasa faɗi. Sa'an nan a jera su gefe da gefe, a ɗinke. Da haka ake samun gwado, da luru mai ratsi-ratsi. Shi kuma bargo, da gashin tumaki ake yin sa.

Kun ga ke nan gwado ma haɗe-haɗe ne. Aikin mai gurza, da na mai kaɗi, da na masaƙi, da na maɗinki, duk suna cikinsa.

6. Mu ɗinka mayafin ajinmu

Ba sai muna da masaƙa ba. Ga abin da muke bukata: guntayen sabon yadi na auduga daga wurin tela, babban falle ɗaya mai taushi na shafi, allura, zare, almakashi, alli, magwaji, da kwali.

a) Mu yanka kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita 22. Shi ne ma'auninmu.

b) Mu wanke guntayen yadin da sabulu, mu shanya su a rana.

c) Kowane ɗalibi ya ɗora kwalin a kan yadi, ya zagaye da alli, ya yanka. Za mu bar santimita 1 a kowane gefe don ɗinki. Saura santimita 20.

d) Mu shimfiɗa tabarma mai tsabta, mu jera fallayen: 5 a faɗi, 7 a tsawo. Mu gauraya launuka yadda za su yi kyau.

e) Mu haɗa falle biyar-biyar, su zama layi. Sa'an nan mu haɗa layukan bakwai. Ɗinkin ya zama ƙanana-ƙanana, mai ƙarfi.

f) Mu ɗora shafi a baya, mu ɗinke gefuna huɗu. Mu kama tsakiya da ɗinki a wurare da yawa don kada shafin ya zame.

g) Mu sake wankewa, mu shanya, mu goge, mu ninke, mu sa a leda mai tsabta.

Wanda ya iya saƙa da ulu da kwarashi, yana iya saƙa nasa falle. Amma kada a gauraya saƙa da yadi a mayafi ɗaya, don ba sa bushewa tare. Wannan aiki na maza da mata ne. A ƙasar Hausa masaƙa da maɗinka da yawa maza ne.

7. Dokokin da za mu kiyaye

Jikin yaro marar lafiya ba ya da ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Kyautar da ba ta da tsabta tana iya ƙara masa ciwo. Don haka:

— Mu wanke hannu da sabulu kafin mu fara aiki.

— Kada mu yi amfani da tsumma, ko yadin da ya sha hayaƙi, ko wanda dabbobi suka kwanta a kai.

— Kada mu sa maɓalli, ko duwatsun ado, ko dogon zare mai reto. Jariri yana iya haɗiye su, ko zaren ya naɗe masa yatsa.

— Mu lalube mayafin sosai, kada a manta allura a ciki.

— Mu miƙa mayafin ga ma'aikatan asibiti. Su ne suka san wanda ya dace a ba.

— Mayafi ɗaya, yaro ɗaya. Ba a karɓa daga wannan a ba wancan sai an wanke.

— Ba a rufe fuskar jariri da mayafi, don kada numfashinsa ya sarƙe.

— Yaron da jikinsa ya yi zafi rau da zazzaɓi, ba a dunƙule shi cikin mayafi mai kauri. A rage masa tufafi, a ba shi ruwa, a gaggauta kai shi wurin likita.

— Mayafi ba ya hana cizon sauro. Kowane yaro ya kwana cikin gidan sauro.

Mu riƙe

Mayafi yana tsare ɗumin jiki, yana kuma kwantar da hankalin yaro. Jariri sabon haihuwa da yaro mai tamowa su ne sanyi ya fi yi wa illa. Mayafi ba ya maye gurbin magani, yana taimaka masa ne. Idan kowane ɗalibi ya kawo falle ɗaya, ajinmu zai iya rufe yaro guda.

Ma'anar kalmomi

Ɗan sa-kai: mai yin aikin taimako da son ransa, ba don a biya shi ba.

Madatsar ruwa: babban ginin da ake tare kogi da shi.

Bakwaini: jaririn da aka haifa kafin watanninsa su cika.

Tamowa: ciwon da rashin isasshen abinci mai gina jiki yake kawowa.

Angurya: ƴaƴan auduga.

Shafi: yadin da ake sawa a bayan tufa ko mayafi.

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna ne suka sa filin Jazira a tsakiya? A ina suke haɗuwa?

2. Wa ya kafa garin Mai Wurno? Me ya fitar da shi daga ƙasarsu?

3. Mayafi yana da zafi a cikinsa? Yi bayani.

4. Waɗanne yara ne sanyi yake saurin kamawa? Don me?

5. Wace dabara likita Edgar Rey ya koya wa uwaye?

6. Me samarin Shari'ul Hawadis suka riƙa yi wa uwayen yara?

7. Yaya ake kiran gayya a Sudan? Wane aikin gayya ka taɓa gani a garinku?

8. Don me ba a sa maɓalli a mayafin jariri?

Lissafi

1. Mayafinmu yana da falle 5 a faɗi, falle 7 a tsawo. Falle nawa ne duka?

2. Kowane falle santimita 20 ne bayan ɗinki. Nemo faɗin mayafin da tsawonsa.

3. Makaranta tana da ɗalibai 210. Kowa ya kawo falle ɗaya. Mayafi nawa za a samu?

4. Shekara nawa ne tsakanin yaƙin Burmi da gama madatsar Sinnar?

Gwaji

Ku samo kwalabe biyu iri ɗaya. Malam ya zuba ruwan ɗumi a cikinsu, ya toshe. Ku naɗe ɗaya da gwado, ku bar ɗaya haka nan. Ku ajiye su a inuwa. Bayan awa ɗaya ku taɓa su. Wace ce ta fi ɗumi? Ku rubuta abin da kuka gani.

Aikin gida

Ka tambayi kakarka ko wani dattijo yadda ake kaɗi da saƙa a garinku a zamanin ƙuruciyarsu. Ka rubuta jimla biyar. Sa'an nan ka je wurin telan unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi guntun yadi ɗaya don mayafin ajinku.